Na'ura Uku a Kan Kanta

Ƙarfe bakwai a Ulanbato, rana ta ƙi fitowa.
Hayaƙin kwal ya kwanta a kan unguwannin tudu
kamar bargon da aka manta ba a wanke ba.
Ina buɗe kantin magani, yatsuna sun ƙage,
sai ga Gombosuren, direban tirela,
takardar likita a dunƙule a hannunsa,
da 'yarsa Nomindari cikin riga uku,
ƙirjinta na busa sarewar da ba wanda ya koya mata.

Ya ce, "Na'urar shaƙar magani. Ba ni wadda ta fi."
Na ce, "Wadda ta fi a gidan wa?"

Na jera su uku.

Ta farko mai nauyin dutsen guga,
iska take matsawa ta farfasa ruwa ya zama hazo.
Ba ta tsanar magani, ba ta raki,
ko ta faɗo daga gado za ta tashi aiki.
Aibinta biyu: gurnani, da son lantarki.

Ta biyu ba ta magana.
Da wata rawa take aiki wadda kunne ba ya ji,
amma tana ɗumama abin da aka zuba mata,
kuma maganin da likita ya rubuta, mai kamar madarar nan,
ba ta iya ɗaga ƙwayoyinsa.
Na ture ta gefe. Kyau ba ya kai magani huhu.

Ta uku 'yar mitsitsiya, ba ta kai kofin shayi ba,
da raga a cikinta mai ƙofofi sun fi gashi siranta.
Batir take ci, aljihu take kwana.
Idonsa ya tsaya a kanta
har ya ga kuɗin, ya haɗiye miyau.

Na ce, bar kuɗi tukuna. Wa zai wanke ta?
Ya ce, "Kakarta, Dulamjab. Ni kwana tara nake yi a hanyar iyaka."
Idon tsohuwa fa?
"Zare ya daina shiga mata allura."
To ragar nan in ta toshe, ba ta kuka, ba ta faɗa,
sai yarinya ta yi ta shaƙar banza ana cewa ta sha magani.
Wuta fa, tana zama a tantinku?
"Tana yaji wani dare. Amma ina da tsohon batirin mota
da akwatin da ke juya shi."

Saura gurnanin.
Na ga yaran da suka tsere ƙarƙashin benci saboda shi,
kuma yaro mai kuka, magani a maƙogwaro yake tsayawa.
Na jona, na danna.
Kanta ta ɗauki rawa, kwalabe suka amsa.

Nomindari ta cire safa,
ta ɗora tafinta a kan murfin,
ta saurara da dukan jikinta.
Ta ce, "Motar Baba ce."

Gombosuren ya juya yana karanta farashin man shafawa,
ya daɗe yana karantawa.

Na gwada mata abin rufe hanci, na farko ya yi yawa,
na biyu ya zauna daram.
Na ce masa: ratar yatsa ɗaya tsakaninsa da kumatu,
rabin maganin ɗaki ne zai sha.
Na rubuta wa Dulamjab da manyan baƙaƙe:
zaunar da ita. Wanke kofin. Shanya. Goge mata fuska.

Suka fita, kwali a hammata.
Ƙanƙara na kuka ƙarƙashin takalmansu.
'Yar ƙaramar na mayar da ita cikin gilashi;
mai ita na nan tafe, wataƙila daga wani bene,
da tambayoyin da ban riga na yi ba.